Shirin farautar elk a duwatsun jihar Kolorado ta Amurka: a ina za mu kafa tanti?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar da muka fara ranar Sallah ce nake so mu ƙarasa a nan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mu biyar ne zuwa yanzu: ni, Kawu, Ɗan Damagaram, Malam da Auta. Niyyarmu zango na biyu na farauta da bindiga, wanda ke faɗowa ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kwana tara. Wurin da na kwallafa rai a kai shi ne Flat Tops, cikin dajin White River, gabas da garin Meeker. Shawarata mu ajiye motoci a bakin hanya, mu goya kayanmu mu kutsa ciki kamar mil 8, mu kafa tanti can inda ba kowa. Duk abin da na karanta cewa yake kusa da titi mafarauta sun yi yawa, dabbobin sun gudu ciki. Me kuka gani?

Malam: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Ni dai ko elk ɗin ban taɓa gani ido da ido ba. Kamar barewa take?

Kawu na Denba: Allah gafarta Malam, cire barewa daga ranka. Ka san gwanki? To wajen nan za ka nufa. Babban namiji yakan kai kilo 300 ko fiye, tamatar kuma ta haura 200. Ƙahonsa ma daban yake da na dabbobin dajinmu, rassa ne da shi kamar itace, yana zubar da shi duk shekara wani ya fito. Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, ana maganar wajen dubu 300.

Baban Ilham, ɗana, na ji shawararka, kuma na san zumuɗin da kake ciki don ni ma na yi shi. Amma ban yarda da mil 8 ba, kuma bari in gaya maka dalili a tsanake.

Flat Tops keɓantaccen daji ne a ƙarƙashin dokar 1964. Da ka tsallake allon iyaka, babu mota, babu babur mai ƙafa huɗu, babu keke, ko kurar turawa mai taya ɗaya ba a yarda ba. Ƙafarka ce ko doki. Yanzu yi lissafi. Namiji ɗaya idan an feɗe an zare ƙashi, tsoka zalla za ta kai kilo 90 zuwa 100. Lafiyayyen mutum a kan dutse, kilo 25 ya ishe shi. Mu huɗu masu ɗauka, sawu ɗaya ke nan ga dabba ɗaya. Idan Allah ya ba mu biyu: a fito da nama mil 8, a koma 8, a sake fitowa 8, a koma 8 ɗauko tanti da kayan kwana, a fito 8. Mil 40 ke nan, a tudun da ya haura mita 3,000, wataƙila cikin dusar ƙanƙara. Wa zai yi wannan a cikinmu?

Baban Ilham: Kawu, lissafin ya yi nauyi gaskiya. Amma ai ba lallai mu samu biyu ba. Na ga cewa a cikin mafarauta goma da ƙyar biyu ke komowa da nama. Idan muka zauna bakin hanya ina tsoron mu kashe kuɗi mu dawo hannu rabbana.

Kawu na Denba: Dawowa hannu rabbana ba abin kunya ba ne, na yi shi ya fi sau biyar. Abin da har yau yake min ciwo daban ne. Shekarata ta uku ina wannan farautar, ni da wani abokina muka harbi namiji da yamma lis, mil 6 daga mota. Duhu ya rufa, muka fitar da kayan ciki kawai, muka bar shi da fatarsa kwance a ƙasa, muna ganin ai sanyi zai tsare shi. Fatar elk bargo ce, ɗana. Da safe raɓa ta daskare a kan gashinsa fari fat, amma da na sa wuƙa a cinyar da ke ƙasa sai tururi ya taso, da wani wari mai tsami. Naman da ke jikin ƙashin ƙugu ya koma kore-kore. Wuya ma haka. Kusan rabin dabbar muka yi asara. Na zauna a kan dutse na rasa abin cewa, don rai na ɗauka kuma na kasa riƙe amanarsa. Tun daga ranar, kafin in ɗora yatsa a kunamar bindiga sai na san ta inda naman zai fita da awa nawa zai ci.

Kuma doka ma ba ta wasa da wannan. A Kolorado laifi ne ka bar naman da ake ci ya lalace: cinyoyi biyu, karfata biyu, tsokar gadon baya da ta cikin ƙugu duk sai ka fito da su.

Ɗan Damagaram: Kawu ya faɗi gaskiya. Ni ta fannin hanya zan yi magana tunda ita ce sana'ata, babbar hanyar I-70 na bi ta da tirela ba adadi. Daga Denba, babban birnin jihar, zuwa Meeker awa huɗu ne in hanya lafiya, amma sai ka ratsa ramin Eisenhower, wanda ke sama da ƙafa 11,000. Daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Mayu akwai dokar taya a wannan yankin, dole tayarka ta cika sharaɗi ko ka riƙe sarƙar ɗaura wa taya. Wannan a kwalta ke nan. Hanyar da ta tashi daga Meeker ta bi Buford ta haura Ripple Creek, can sama tsakuwa ce da laka. Da safe ta daskare ka wuce lafiya, da azahar ta narke ta zama kunu. Motoci biyu nake so, dukkansu masu jan ƙafa huɗu, kowace da sarƙa, shebur, igiyar ja, safaya mai kyau da jarkar mai. A cika tanki a Meeker, don bayan nan kada wanda ya sa rai da gidan mai.

Kuma a juya hancin mota ya kalli hanyar fita tun ranar da aka isa. Idan dusar ƙanƙara ta sauka cikin dare ba lokacin ribas ba ne.

Auta: Yayyena, ni tambayata daban ce. Kun san da bizar karatu nake. Ya halatta in riƙe bindiga kuwa? Ba na son abin da zai taɓa takarduna.

Kawu na Denba: Madalla da ka tambaya, Auta. Dokar tarayya ta hana mai irin bizarka mallakar bindiga ko harsashi, sai dai ta ware wasu, cikinsu har da wanda ke riƙe da ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai shafe shi ba. Amma shawarata bana ka zo ba bindiga. Ka koyi bin sawu, ka koyi fiɗa, ka taya ɗaukar nama. Idan abin ya shige ka, baɗi ka zauna da lauya ya duba maka komai kafin ka taɓa ko harsashi ɗaya.

Auta: Na gode Kawu. Hakan ma ya fi min kwanciyar hankali. Girki kuma ku bar min.

Baban Ilham: To maganar lasisi fa? Na wanda ba mazaunin jihar ba wajen dala 800 ne, na Kawu kuwa bai kai 100 ba. Ina tunanin mu haɗa kuɗi mu sayi biyu, duk wanda dabba ta fito wa ya harba.

Kawu na Denba: A'a, wannan kam a'a. Lasisi na mai sunan ne shi kaɗai. Ka harba da sunan wani, ku duka biyun kun shiga uku: tara, ƙwace nama, har a hana ku farauta, kuma jihohin suna musayar sunayen waɗanda aka hana. Mai lasisi shi ke harbi, shi ke sa hannu a takardar ya ɗaura ta a jikin naman.

Sauran abubuwan da za ku riƙe. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya nuna katin kwas na koyon farauta, na jiharku ma ya wadatar, ku yi shi tun yanzu. Riga mai ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda, inci murabba'i 500 daga ƙugu zuwa sama, da hula irinta da za a gani ta kowane gefe. Harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. A shiyyoyi da yawa namijin sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya, ko reshen goshi mai tsawon inci 5. Kuma idan an yanka, a bar alamar namiji ce ko mace manne a jikin cinya ɗaya.

Abu ɗaya da nake so ka duba da kanka, Baban Ilham: hunturun 2022 zuwa 2023 ya kashe dabbobi da yawa a arewa maso yammacin jihar, har hukumar dabbobin daji ta rage lasisi ta gajarta kwanakin farauta a yankin Craig da Meeker a 2023. Dokokin shiyyoyin nan suna sauyawa. Ka buɗe littafin hukumar na bana ka tabbatar shiyyar da muke so tana cikin waɗanda ake sayen lasisinsu kai tsaye, don na ƙuri'a tun farkon Afrilu ake rufe shi.

Hajiya Likita: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo maganar maza, amma tun ɗazu nake jira wani ya ambaci abin da ya fi damuna ban ji ba. A cikinku wa ya san rukunin jininsa? Ina nufin na ciwon sikila, AA ne ko AS.

A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma yawancinsu lafiya lau suke rayuwa, shi ya sa ba a tunawa. Amma a tudu mai tsayi inda iska ta yi ƙaranci, ga wahala ga ƙishirwa, jinin mai AS yana iya toshe jijiyoyin saifa. Ɗan ƙwallon Amurkan nan Ryan Clark, AS ne, ya buga wasa a Denba a 2007, ƙarshenta sai da aka cire masa saifa da matsarmama. Denba kuwa mita 1,600 ce kawai, ku kuna maganar 3,000. Ban ce mai AS ba zai je ba. Cewa na yi kowa ya yi gwaji, ya zauna da likitansa, kuma duk wanda ya ji ciwo a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, ko ciwon ya harba kafaɗar hagu, a sauko da shi nan take zuwa asibiti. Kada a ce bari gari ya waye.

Sannan ciwon tudu na kowa da kowa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Baban Ilham, kai daga Hustan kake, bakin teku. Kada ka sauka daga mota ka hau dutse rana ɗaya. Ku kwana a Denba, ku sake kwana a Meeker, sannan ku haura. Wanda numfashinsa ya yi wuya yana zaune, ko ya fara tangaɗi da ruɗewa, maganinsa saukowa ne kawai.

Wannan kaɗai ya isa ya sa in goyi bayan Kawu. Mara lafiya a mil 8 ba mota, ta yaya za ku fito da shi?

Ɗan Damagaram: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni AS ne, tun lokacin aure na sani, kuma wallahi ban taɓa haɗa shi da wannan tafiyar ba. Ina wucewa ta duwatsun a mota ban ji komai ba, amma zama a kujera daban, goya kilo 25 daban. Zan ga likitana cikin makon nan.

Hajiya Likita: Yauwa ƙanena. Ka gaya masa tsayin wurin da irin aikin da za ka yi. Ƙari ɗaya: na san al'adarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin hunturu. A cikin tanti kada wanda ya kuskura. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai za ta sa ku. Murhun itace mai bututun hayaƙi zuwa waje, da ɗan na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru. Ruwan rafi kuma komai haskensa a tafasa ko a tace, akwai ƙwayar cutar gudawa a ciki.

Baban Ilham: To, na sauko, amma ba duka ba. Me zai hana mu ɗauki hayar masu dawaki? Akwai masu lasisin wannan sana'a a yankin, su kai mu ciki da kayanmu, su dawo su kwashe mu da nama.

Kawu na Denba: Wannan magana ce mai kyau, kuma ita ce hanyar shiga ciki ta hankali. Matsalarta biyu: kuɗi, don kowane mutum zai ajiye dubban daloli, sannan masu kyau ana kama su tun shekara guda kafin lokaci. Abin da za mu iya bana shi ne mu nemi wanda zai yarda ya fito mana da nama kawai idan mun kira shi, mu yi ciniki tun yanzu, mu tabbatar yana da rajista da jiha da izinin hukumar daji. Amma ko da shi, kada mu dogara. Lokacin da kake nemansa wasu goma na nemansa.

Ga abin da nake gani. Babban tanti a bakin hanyar daji inda aka yarda a yada zango, kusa da mota. Kullum mu fita da tocila tun kafin asuba, mu shiga mil 2 zuwa 3, ta gangaren da ke kallon arewa inda itatuwa suka yi duhu, can suke kwanciya da rana. Yawancin mutane ba sa nisa da titi fiye da mil ɗaya, kuma ba sa son hawa mai tsauri. Wahalar hawa ita ke raba ka da jama'a, ko da nisan kaɗan ne.

Malam: Na gamsu da tsarin Kawu. Bari in kawo nawa ɓangaren, don naman ya shiga bakin iyalanmu da tsarki. Asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim: maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbin, da niyyar farautar wannan dabbar. Idan makamin ya huda ya zubar da jini, aka iske ta ta mutu, ta halatta. Idan aka iske ta da sauran rai tabbatacce, wajibi ne a yanka, wanda ya yi sakaci har ta mutu alhali yana da iko, ta haramta. Don haka kowa wuƙarsa a ƙugu, wasasshiya, kada ta kasance can ƙasan jaka. Idan kuma ta faɗa ruwa aka same ta a mace ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ba, a bar ta.

Abin da nake so Kawu ya duba shi ne wannan. An ruwaito daga Imamu Malik cewa idan abin farauta ya ɓace wa maharbi har ya kwana, an ƙi cinsa. Wasu malaman sun sassauta saboda hadisin Abu Sa'alaba, matuƙar an ga alamar makaminka kuma bai yi wari ba. To na ji ana cewa a nan idan harbi bai yi kyau ba akan bar dabba har safe.

Kawu na Denba: Haka ne Malam. Idan harsashi ya sami tumbi, in ka bi ta nan take za ta tashi ta yi ta gudu har ka rasa ta, shi ya sa ake jira awanni ta kwanta. Amma ka ga maganarka da tawa sun haɗu wuri ɗaya: dabbar da ta kwana da fatarta, ko fiƙihu ya ƙyale, zafin jikinta ba zai ƙyale ba. Mafita ita ce kada a yi harbin ganganci. Ba harbi sai tana tsaye ta ba da gefe, a nisan da mutum ya gwada ya san hannunsa, a saiti bayan karfata. Idan rana ta kusa faɗuwa kuma akwai shakka, a sauke bindiga.

Game da yanka kuma, a kula. Elk mai sauran rai kofatonta da ƙahonta suna kisa. A zo mata ta baya, mutum biyu, in tana yunƙurin tashi a ƙara mata harbi sannan a sa wuƙa.

Malam: Wannan ya yi. Sallah kuma: alƙibla daga can arewa maso gabas ce. A hanya za mu yi ƙasaru, amma tunda mun yi niyyar zama fiye da kwana huɗu a zango, a mazhabarmu cikawa za mu yi. A riƙa ɗumama ruwan alwala a kan murhu, wanda ke cikin daji kuma sanyi zai cutar da shi ya yi taimama. Buta biyu zan kawo.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ɗaya: wurin babu sabis, to mu da ke gida ta yaya za mu san kuna lafiya? Kwana tara ba wasa ba ne.

Ɗan Damagaram: Maman Ilham, ina da Garmin inReach, ta tauraron ɗan'adam take aika saƙo, akwai maɓallin neman agaji. Amma ɗaya ba ta isa ba tunda za mu rabu gida biyu. A yi hayar ta biyu. Taswira kuma kowa ya sauke a wayarsa tun a gari, a riƙe ta takarda da kamfas, don sanyi na shanye batir. Filayen mutane suna cakuɗe da na gwamnati a wajen Buford, kuma a Kolorado ko ba shinge ba allo, shiga gonar wani da bindiga ba izini laifi ne.

Maman Ilham: To ga sharaɗina. Saƙo kowane dare bayan isha'i. Ku bar min takarda mai sunan hanyar da kuka bi, lambobin motoci, wurin tanti, da lambar ofishin sharif na gundumar Rio Blanco. Idan dare ya wuce har azahar ta gobe ban ji ku ba, zan kira su, ba zan jira ba.

Baban Ilham: An karɓa, Maman Ilham. Haka za a yi.

Auta: Ga abin da na tsara na ci: shinkafa da wake da na dafa na daskarar tun gida don can sama wake ba ya nuna da wuri, miyar taushe da ta kuka a daskare, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, zuma, kilishi, shayi da citta mai yawa. Kawu, idan Allah ya ba mu, kan nawa ne, farfesu zan yi.

Kawu na Denba: Auta, kai kam sai haƙuri. Akwai cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewa da elk, CWD, a Fort Collins aka fara ganinta a 1967. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci dabbar da gwaji ya nuna tana da ita, kuma a guji ƙwaƙwalwa, lakar gadon baya, idanu da saifa. Dafuwa ba ta kashe ta. Kan za mu kai wa hukuma a gwada, naman kowace dabba a jakarsa daban da alama har sakamako ya fito. Jihohi da yawa kuma sun hana shigo da kai mai ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, don haka masu komawa Teksas da Ohayo tsoka zalla za su ɗauka, kowa ya duba dokar jiharsa da waɗanda zai ratsa.

A tanadi jakunkunan yadi masu shan iska, banda leda, da igiyar rataya nama a inuwa nesa da tanti saboda baƙin beyar. Manyan kuloli huɗu, a cika su da jarkokin ruwa daskararru a bar su a rufe cikin mota.

Baban Ilham: To mun tsaya a nan: tanti a bakin hanya, farauta cikin mil 3, lasisi biyu, nawa da na Kawu. Ɗan Damagaram, motoci da na'urar saƙo, kuma muna jiran abin da likitanka zai ce. Auta abinci. Malam kulolin da jakunkunan nama. Ni zan duba littafin hukuma yau da dare in nemi mai doki. Daga gobe kuma zan fara hawa benen wurin aikinmu da jaka mai kilo 20.

Hajiya Likita: Da takalmin da za ka je da shi za ka riƙa hawan, don ya saba da ƙafarka. Kuma ina jiran sakamakon gwajin jinin ku huɗun da suka rage.

Kawu na Denba: In sha Allahu Asabar ta biyu a watan Satumba zan haura in duba hanyar da idona, in ga wuraren zango biyu ko uku da inda ruwa yake. Auta, in ba ka da jarabawa ka shirya mu je tare, ka taho da rigar sanyi.